Na Liƙe Hancin Tukunyar Lantarki da Kuka

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan wuta na bakin kasuwar Rano,

Assalamu alaikum. Ya ciniki, ya iyali? Ni ce tsohuwar nan ta Kibiya da 'yata ta kawo shagonka kafin azumi, ta saya mini tukunyar lantarki mai dafa abinci da tururi. Ai ka tuna ni, ni na shanye maka shayi.

Na farko, godiya. Waken da ke cinye mini rabin yini, yanzu kafin in idar da walaha ya nuna. Ƙafar saniya ma ta daina yi mini taurin kai, idona ya huta da hayaƙi.

Na biyu, ga ƙorafina. Takardar cikin kwalin duk Turanci ce, ni kuwa bokona a aji huɗu ya tsaya. Ba wanda ya gaya mini ɗan hancin nan na kan murfi aikinsa ke nan fitar da tururi. Mu da muka tashi da dambu, in tururi na zurarewa daga madambaci, kuka muke kwaɓawa mu liƙe. To, haka na yi wa hancin tukunyar, liƙi mai kyau, har ina yabon kaina. Ban kai bakin ƙofa ba sai na ji fas! Kuka ta manne a silin, romon wake ya yi wa bango fenti, tukunya ta yi 'yar ƙara ta katse wutarta da kanta. Ta fi ni hankali, na yarda. Amma Alhaji, da a sunkuye nake a kanta fa?

Na uku, matan layinmu sun ɗanɗana wakena, kowacce na shirin zuwa wajenka. Dukkansu 'yan dambu ne, kuma ba mai wata fuskar a ajiye in wannan ta ƙone.

Don haka ina roƙon ka sa a rubuta gargaɗin da Hausa, boko da ajami, a manna a jikin murfi: kada a toshe hancin, kada a leƙa shi, kada a yi kokawa da murfi sai tururi ya gama fita. Kada kuma tukunya ta bar shagonka sai an nuna wa mai girkin da hannu. In ba ka da mai nunawa, ga ni ranar kasuwa. Na ci jarrabawar, bangona ne shaida.

Allah Ya buɗa kasuwa, Ya raya zuriya, Ya tsare mu da ƙuna, ta duniya da ta lahira.

Wassalam.
Iya Kande, Kibiya