Tagar Banɗaki

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Baba, ya yara? Ni lafiya lau, masauki ma ba laifi.

Auta ta ce kina fushi, wai ina katse miki addu'a a waya. Inna, an hana mu waya a wurin aiki, muna tashi kuma mai gadi ya kulle mu a kwantenar ƙarfe, mu goma sha biyu. Ƙarfe ba ya barin sabis ya shigo sai ta kafa, kafar kuwa ɗaya ce: tagar banɗaki. Banɗakin da sai ya kwana uku ba ruwa! Can nake tsayawa, ƙudaje har baki.

Saurin "amin, amin" ɗin nan ba raini ba ne, numfashi nake riƙewa. Ki sa Auta ta rubuto addu'ar, in amsa ta a wuri mai tsarki.

Ɗanki.