Ba Za a Rufe Ɗakin Mama Mai Zare Ba

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Likitocin Tiyatar Ido da Hanci ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Hajiya Farfesa, tsohuwar shugabar sashen nazarin sassan jikin ɗan Adam, wadda manya da ƙananan likitoci suka fi sani da Mama Mai Zare, bayan jinyar da ta yi a asibitin da ta ƙarar da ƙarfinta tana koyarwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba sana'arsu ba ce, a bangon ciki na kwarmin ido, wanda ya jingina da hanci, akwai wasu 'yan kafofi kamar hujin allura inda jijiyoyin jini ke ratsawa, kuma daf da ta ƙarshensu jijiyar gani take. Littattafan da aka karantar da mu sun ce kafofin biyu ne, muka haddace, muka ci jarrabawa. Marigayiya ta ce ita sai ta gani da idonta. Ta zauna da ƙoƙunan kan mutane da makarantar likitanci ke ajiyewa don koyarwa, ɗaya bayan ɗaya, tana zura siririn zare ta kowace kafa, har ta nuna cewa wani biyun gare shi, wani uku, wani ma fiye, kuma idon dama na mutum guda ba lallai ya yi daidai da na hagunsa ba. Likitan da ya ga biyu ya saki jiki, ta ukun na iya ɓalle masa da jini, wanda kuwa ya ci gaba da lalube a kan abin da ya haddace, yana iya taɓa jijiyar gani, mara lafiya ya farka cikin duhu.

An yi mata dariya a taruka, wasu masu manyan muƙamai suka ce tsohuwa ta rasa aikin yi ta koma ƙidayar ramukan tururuwa. Ko a jikinta. Sai ma ta kafa doka cewa babu ɗalibin da zai riƙe wuƙar tiyata kusa da idon mai rai sai ya shiga ɗakin da take ajiye ƙoƙunan ya zura zaren nan da hannunsa. Duk mun sha wannan wuya, har da masu furfurar cikinmu, muna gumi tana tsaye a kanmu, tabarau a kan hanci, tana cewa littafi ba ya zubar da jini. A lokacin mun ji haushinta, yau kuwa kewarta muke yi, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mai gidanta, Alhaji, wanda ya yi haƙurin jira a mota shekara da shekaru tana cewa saura ƙoƙo ɗaya, da 'ya'yanta, da jikokinta, da ƙanwarta da ta kwana da ita a jinya. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi.

Sai dai ba za mu rufe wannan saƙo da addu'a kaɗai ba. Tun tana kan gadon asibiti hukumar makaranta ta yanke shawarar kwashe ƙoƙunan a zuba a kwali, a mayar da ɗakin falon karɓar baƙi, wai hoton kwamfuta ya wadatar. Waɗanda suka yanke shawarar su ne muka gani a sahun gaba wajen gaisuwa, suna yabonta har da share hawaye. Wallahi ba mu karɓi wannan yabo ba. Muna sanar da hukuma, da girmamawa amma ba da roƙo ba, cewa darasi mai zuwa a ɗakin nan za a yi shi, manyan likitocinmu za su riƙa karɓa-karɓa suna koyarwa, kuma babu ɗayanmu da zai amince wa ɗalibin da bai zura zare ba ya shiga tiyata. Duk wanda ke son ɗakin, ya zo ya tsaya gaban marasa lafiyar da ke jiran aiki, ya nuna mana wanda ya yarda a makantar a cikinsu.

Dakta Dogo,
Ɗalibin marigayiya,
Kakakin Ƙungiyar Likitocin Tiyatar Ido da Hanci