Kumburin Hannun Sabitra

Damak, 3 ga Maris

Didi Menuka,

Ina gaishe ki da maigida, da fatan sanyin Kanada bai kayar da ku ba. Mu nan sansanin 'yan gudun hijira muna lafiya.

An sa mana ranar tashi zuwa wurinku, 28 ga Afrilu. Hoton ƙirjina da na mahaifiyarmu Ama sun fito fes. 'Yata Sabitra kuwa, da yake shekararta huɗu, allurar gwaji aka yi mata a fatar hannu. Yau kwana uku, wurin ya kumbura. Nas ta aza rula: milimita goma sha bakwai. Ta ce ƙwayar tarin fuka ta shiga jikinta amma ƙwayar tana kwance, magani zai kashe ƙwayar, tafiya kuma ba za ta fasu ba. Sai ta ajiye biro ta ce, "Yarinya kamar wannan a gida take ɗaukarsa. Wa ke tari a wurinku?"

Na ce babu kowa.

Ƙaninki,
Khagendra

19 ga Maris

Didi,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin tambayi lafiyar Ama, ba zan ƙara ɓoye miki ba. Tun damina take tari. Ranar hoton ƙirji ba ita ta shiga ba, maƙwabciyarmu Phul Maya na kai da katin shaidar Ama. Hoton katin ya shekara goma sha bakwai, ya koɗe, ba wanda ya duba sau biyu. Ni da na yi shekaru ina gyara kurakuran jarida, ni na shirya wannan.

Kullum da safe Ama ce ke ba Sabitra magani cikin shayi, kuma bargo ɗaya suke rufa. Na ce a raba musu shimfiɗa. Ta ce, "Kai malamin jarida, hayaƙin murhu ne. Kai ma a wannan bargon ka girma, ka mutu?"

Ta daina riƙe farin hankici. Ja ta sayo.

Naki,
Khagendra

2 ga Afrilu

Didi,

Da fatan kuna lafiya. Na sami wasiƙarki. Kin ce in yi shiru, saura kwana ashirin da shida, can akwai likitoci. Na yi shirun. Amma shekaranjiya aka auna Sabitra, ta ragu da rabin kilo, jikinta kuma yakan yi ɗumi da yamma. Nas ta sake yi mini tambayar nan, wannan karon ba ta dubi takarda ba.

Idan na faɗa, za a tsayar da takardunmu wata shida, wataƙila a soke su saboda katin. Ama ta riga ta rabar da tukwanenta.

Na gaya mata gobe zan kai ta asibiti da sunanta. Ba ta yi faɗa ba. Ta aika wa Phul Maya a dawo mata da ƙaramar tukunya.

Kada ki gyara mana ɗakin tukuna.

Ƙaninki,
Khagendra