Injin da Ba Ya Amsa Sallama

Danja, ranar Laraba

Baban Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya Kaduna? Mu nan lafiya lau, Naja'atu ta fara tatata. Na ba direba wasiƙar nan da ƙullin kauɗar tumatir, tunda wayarka ta zama ado.

Akwatin da ka haɗa wa injin ban-ruwanmu na hasken rana yana ba ni ciwon kai. In batir ya yi ƙasa, yana kashe injin daidai. Amma rana ta fito, batir ya cika, shiru kake ji! Sai na taka har lambu na kashe na kunna. Jiya ban samu zuwa ba, tumatirin ya yi yaushi.

Na tuna bayaninka. Ka ce akwai ɗan ƙaramin guntu mai gadin batir, in yana da labari sai ya yi wa ƙwaƙwalwar injin sallama, ita kuma ta katse abin da take yi ta saurare shi. Manhajar da ka rubuta ce tsakaninsu. To Malam, anya tana amsawa kuwa?

Ina kewarka, wallahi.

Taka,
Shafa'atu

Danja, ranar Lahadi

Baban Naja'atu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya. Gyaran da ka turo ta waya ya yi, na sa shi yadda ka nuna min. Yanzu injin na tashi da kansa, tumatir ya miƙe har ya fara fure.

Na karanta bayanin da ka haɗo. Ashe manhajar na jin sallamar farko, ta ruga ta yi aikin, amma ba ta ce wa guntun ta ji ba. Shi kuma sai ya tsaya bakin ƙofa yana jira, ba zai ƙara wata sallamar ba, ko da labari mai daɗi ya zo da shi. Ka ce yanzu amsa ce farko, aiki ya biyo baya. Madalla da injiniya!

Sai dai na duba saƙon sama da ƙasa, ban ga inda ka ce ya gida ba. Na san don mu kake wahala, ban yi fushi ba. Tsoro nake ji kada in saba da shirun.

Ina da labari mai daɗi, daga asibiti na samo shi. Ba zan faɗa ba sai ka amsa.

Ka huta lafiya.

Mai jiranka a bakin ƙofa,
Shafa'atu