Haƙorin Baba Na Ƙarshe

Kuhmo, 9 ga Afrilu, 1887

Zuwa ga ƙanena Aapeli,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Amurka, kai da abokan aikinka na ramin tagulla. Yaya aiki, yaya kuma tarin nan da ka ce ƙurar ramin ta sa maka? Mu nan lafiya lau. Mijina Reetu yana gaishe ka. Shanu sun fita daga sanyin bana da ransu, ko da yake ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin ƙofa.

Bayan gaisuwa, Hilppa abokin waƙar Baba ya rasu, yau mako uku da binne shi. Shekara arba'in yana zama da Baba a kan bencin nan, gwiwa da gwiwa, hannu cikin hannu, Baba ya ja baiti shi ya maimaita, suna rangaji gaba da baya har itacen murhu ya cinye. Yanzu Baba yakan zauna a nasa gefen shi kaɗai ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ko abin kiɗansa kantele mai tsirkiya biyar bai sake saukewa daga bango ba.

Amma ba don wannan na sayi takarda ba. Haƙorin Baba ɗaya ya rage, na ƙasa ta hagu, kuma ya fara motsi. Ba sai na tuna maka ba, maganar masanin waƙoƙin magani irin Baba ba ta cizo in bakinsa ya zama wayam. Dole ya miƙa abin da ya sani ga na ƙasa da shi tun yana da haƙori. In ya faɗi kafin nan, kalmomin sun mutu a bakinsa, ko ya gaya wa wani iska ce kawai. Ranar da ya miƙa kuwa, shi ya tashi hannu wofi. Ya ce kai zai miƙa wa, ba wani ba.

Jiya na same shi a taga yana kallon tafki. Ƙanƙara ba ta narke ba tukuna, amma ya ce yana jin ruwa yana juyi a ƙarƙashinta kamar mai barci. Sai ya shiga ba ni labarin da muka ji sau ɗari, yadda Tsohon Mawaƙi na farkon duniya ya bar wa mutane waƙoƙinsa a bakin ruwa, ya hau jirginsa na tagulla ya tafi inda sama ta taɓa teku, yadda waƙoƙin suka biyo baki zuwa baki har suka iso bakin Eskeli, wato shi Baba kansa. "Ni kuwa ba zan zama wanda igiyar ta tsinke a hannunsa ba," in ji shi. Ya kuma ce in tambaye ka ko tagullar da kake haƙowa ta sabon jirgin Tsoho ce, don in ba haka ba, bai ga dalilin da ɗan mawaƙi zai koma ɓera a rami ba.

Ka san ni da kunne. Tun ina ƙarama ina kaɗa madara a bayan murhu na haddace waƙoƙin asalin wuta da asalin ƙarfe da na sanyi, babu wanda ya koya mini. Abin da ban taɓa kamawa ba shi ne ƙarshen waƙar tsayar da jini, don cikin gemunsa yake rera shi. Na yi ƙarfin hali na ce ya ba ni. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Vappu, wannan maganar ƙarfe ce, je ki duba saniyarki." Na je na duba ta, na jingina da ita na yi kukana. Ba na ɓoye maka, na ji haushinka ranar, kai da ko baiti biyu ba ka iya jerawa sai ka yi hamma.

Duk da haka ka dawo, Aapeli. Ko na wata ɗaya ne. Ina jiƙa masa burodi a madara yanzu don kada ɓawon ya taɓa haƙorin.

Ka gaida wanda ke dafa maka abinci, in akwai. Allah ya tsare.

Yayarka,
Vappu


Kuhmo, 26 ga Yuni, 1887

Ƙanena Aapeli,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Yaya zafin can? Takardarka ta iso tare da hoton. Ka yi ƙiba, kuma hular nan ba ta yi maka kyau ba, gara ka ji daga bakina.

Na karanta inda ka ce sai bayan shekara biyu. Na karanta sau uku a cikin garken shanu kafin in shiga ɗaki. Yanzu zan gaya maka abin da na yi, ka yi mini hukuncin da ka ga dama. Baba bai iya karanta rubutun hannu ba, ni nake karanta masa. Da na zo wurin, na ɗaga kai na ga yadda ya tsura mini ido, bakinsa a ɗan buɗe, sai na ji kaina ina cewa kana nan tafe da kaka, kafin tafki ya daskare. Ya gyaɗa kai.

Tun daga ranar ya daina tauna. Kifi ma ya ƙi, shi da ba ya barin ko ƙaya. Madara kawai yake sha da kunun sha'ir mai ruwa-ruwa, ta gefen dama, ya karkata kai kamar kaza. Magana ma ya rage don kada harshe ya tunkuɗi haƙorin. Wandonsa ya yi masa yawa, Reetu ya ƙara wa ɗamararsa huda biyu. In na matsa masa ya ci, sai ya ɗaga yatsa ya nuna bakinsa ya ce, "Ajiyar Aapeli ce." Ƙaryata ce take cinye shi a gabana, kuma na rasa ta inda zan janye ta.

Abu ɗaya yake so yanzu, in tuƙa shi a kwale-kwale kowace safiya bayan tatsa. Ka tuna tafkinmu a wannan lokaci, rana ba ta faɗuwa ko da dare, hazo yana kwance a kan ruwa har ba ka sanin inda ruwa ya ƙare. Shekaranjiya muka yi nisa har gaɓa ta ɓace. Ya ce in ɗaga filafilai. Muka tsaya cik, babu sama babu ƙasa, fari kawai, sai ɗigon ruwa daga bakin filafili. Can sai ya fara rerawa a hankali, waƙar agwagwar da ta nemi wurin yin ƙwai tun babu ƙasa. Ya ja baitin farko ya yi shiru a inda Hilppa yakan karɓa. Shirun ya yi tsawo har ya dame ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe na maimaita ba.

Ya harare ni, na ce yau na shiga uku. Sai ya kawar da kai ya ja na biyu. Haka muka yi ta yi, ban san tsawon lokacin ba. Agwagin ruwa suka zo suka kewaye mu ba su yi kuka ba. Wani babban kifi ya taso ya tsaya a gefen kwale-kwalen yana motsa baki, na rantse maka ban ƙara ko kaɗan ba. Baba ya nuna cikin hazon ya ce in duba, ga wani abu ja yana ƙyalli yana wucewa. Ni ban ga komai ba, amma na ji kwale-kwalenmu ya yi lilo sau biyu kamar wani jirgi ya gifta.

Da muka dawo gaɓa ya ce muryata ta yi kama da ƙofar rumbu. Washegari kuma ya riga ni isa bakin ruwa.

Ka sake tunani, don Allah. Ban san ko zai kai kaka a haka ba.

Taka har kullum,
Vappu


Kuhmo, 14 ga Agusta, 1887

Aapeli ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan jikinka lafiya. Mu ma lafiya yanzu, mun gode Allah, amma saura kaɗan takardar nan ta zama ta ta'aziyya.

Ranar Talata muna yankan ciyawa a fadamar tsallaken tafki. Baba ya biyo mu ya zauna a inuwa. Reetu ya zame a kan jiƙaƙƙen dutse ya faɗa kan laujensa, ya tsaga shi a cinya. Ban taɓa ganin jini yana tsalle haka ba. Na cire ɗankwalina na ɗaure, na ƙara da ɗamara, duk ya jiƙe. Likita kuwa ka sani, tafiyar kwana biyu ce.

Baba ya rarrafo ya durƙusa ya fara rera waƙar asalin ƙarfe. Ya kai inda masani yake fusata ya ciza haƙora ya tsawata wa jini, sai ya tsaya. Na ga hannunsa ya tafi bakinsa. In ya ciza da ƙarfin da ake bukata, haƙorin ya tafi, ajiyarka ta tafi da shi. Leɓen Reetu ya riga ya yi fari. Sai na yi wa Baba ihu a fuska, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce Aapeli ba ya zuwa, ba da kaka ba, ba baɗi ba, ƙarya na karanta maka.

Ban ga mamaki a fuskarsa ba. Ya miƙo hannuwansa biyu ya kama nawa, ya jawo ni har gwiwarmu ta haɗu a cikin ciyawar, mijina yana kwance a gefenmu. Ya ja, na maimaita. Da muka zo ƙarshen nan da yake ɓoyewa a gemu, ya sa bakinsa a kunnena ya ba ni shi duka, baiti tara ne. Sannan ya ture ni wajen raunin ya ce, "Ciza mana! Haƙora cike da baki kina ajiyarsu don cin naman maƙwabta?" Na ciza har na ji kaina yana ƙara. Muryar da ta fito ban san ta ba, kuma fadamar ta yi nisa da ni kamar ina hango ta daga ƙarƙashin ruwa. Da na dawo hayyacina jinin ya tsaya. Fasto zai ce ɗamarar ce, ba zan yi musu da shi ba. Reetu dai yana nan kwance yana neman a ƙara masa miya.

Da muka iso gida Baba ya ce in ba shi ɓawon burodi, wanda ya fi kowane tauri. Ya gatsa, haƙorin ya fito a jikin ɓawon. Ya dubi haƙorin ya ce, "Kai ma ka huta." Ya cinye kifi uku a zaune.

Jiya na roƙe shi gafara a kan ƙaryar. Ya ce in bar wahalar da kaina, tun ranar ya gane, wai muryata takan hau sama in ina ƙarya tun ina shekara biyar. Na ce to don me ya yi wata biyu yana kashe kansa da yunwa? Ya daɗe yana murza gemu kafin ya amsa. Ya ce ya san kai ba mawaƙi ba ne, ya sani tun kana yaro. Amma muddin akwai abin da za ka zo ka karɓa, yana da abin da zai kira ka da shi. "Yanzu fa, Vappu? Gona ba ta da kirki, waƙa na ba ki. Tsoho ne kawai a kan benci. Kina ganin mutum zai haye teku don wannan?"

Na ce ban sani ba, amma zan tambaye ka. Ga shi na tambaya. Duk abin da ka rubuto, wannan karon yadda yake zan karanta masa.

Yayarka mai kewarka,
Vappu