Ƙayar da Kika Bar Mini a Shumaisi

Zuwa ga 'yar nan tawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan... to, fatan me? Haka aka koya mana fara wasiƙa a ajin yaƙi da jahilci, ba a koya mana ta wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Na san ba za ki karanta ba. Da kina nan ma dariyar rubutuna za ki yi. Amma zauna, ina da kacici-kacici. Ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike, tafiyar wuni guda ba ta kai shi bakin ƙofa. Ka jefa shi bayan katanga da safe, gobe ka tarar da shi zaune inda ka ɗauke shi. Wa ya dawo da shi? Yi ta tunani, ai ba inda za ki.

Ina nan Riyad, gidanki na unguwar Shumaisi, a ɗakin da kike ta cewa nawa ne in na zo. Ban zo ba sai da babu ke. Maigidanki ya yi mini takardar ziyara don in zauna da Walida. Takwarar tawa ta yi tsawo, ta kuma gaji bakinki, sai dai da Larabci take yi mini rashin kunyar. Ina ce mata ƙazama, tana ce mini jadda, wato kaka, kowa ya tashi a kan shi ya ci gari.

Yanzu ki gaya mini tsakaninki da Allah, me ya kai ki shuka ƙaya? Babanki, Allah ya jiƙansa, ya ƙare rayuwarsa yana nome ƙarangiya da tsidau a gonar Ɗanbatta, ke kuma kika tsallake teku kika sayo ƙaya a gidan sayar da shuke-shuke, har da tiyo mai ɗiga mata ruwa kamar mai jinya. Washegarin zuwana na gan ta a tsakar gida, na ce kai, gidan da ba mace! Na naɗe hannuna da tsumma zan tuge ta. Ihun da Walida ta yi, na zaci kunama ce. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa ta ado ce, wai tana yin fure shunayya, dunƙule kamar goriba, kuma ke kika dasa ta da hannunki. Yarinyar nan sai ta gaishe ta take tafiya makaranta. Ni ko, sai na roƙa ake gaishe ni.

To, ƙayar taki ba ta da lafiya. Ganyen duk ɓula, ga wani sawu mai yauƙi yana ƙyalli a kan ƙasa. Na idar da sallar asuba na leƙa, sai ga su: dodon koɗi. A cikin hamada! Garin da ko kwaɗo bai samu wurin zama ba. Wasu da gidansu a baya, wasu tsirara, ko kunya babu. Wai a cikin ƙasar tukwanen fure suke zuwa, ruwan tiyon nan kuma shi ke riƙe su. Abin da ya ɗaure mini kai, ina amfanin ƙaya in abu marar ƙashi zai hau ta ya ƙoshi? Da na tsugunna na duba sai na ga ba sa taɓa tsohon ganye. Sabon toho suke bi, tun ƙayarsa ba ta yi ƙwari ba.

Maigidanki ya kawo tayil ya jera a bakin ƙofa. Ya ce da mai aiki ya samu sarari za a cire ƙayar a shafe wurin. Ban yi masa musu ba, kin san tsakanin suruka da suruki. Amma na ji dalilinsa: ba zai iya kallon wani abu naki yana ƙarewa kaɗan-kaɗan ba, wanda ya gani a asibiti ya ishe shi. Tun ranar da ya kawo tayil ɗin Walida ta daina yi masa magana, abinci ma sai ta tsakura ta ture. Shi yana da gaskiya, ita tana da gaskiya. Ni ce a tsakiya, da tsumma a hannu.

Na fara da toka, yadda muke zagaye yakuwa a gida. Ina toka a gidan gas? Ta kaskon turaren wutarki na tara. Tiyo ya jiƙa ta, suka bi ta kai suna ƙamshi. Na koma gishiri. Tsirarun sun narke kam, amma Walida ta yi ta kuka tana haram, haram, ganyen ƙasa kuma ya ƙone, sai da na kwashe ƙasar wurin na wanke da ruwa. Ashe na fi dodon koɗin ɓarna. Maigidanki ya kawo wani magani shuɗi mai ƙwaya-ƙwaya, kyanwar Walida ta fara sunsuna shi, na ɗaure shi a leda na ɓoye.

Sai Walida ta ja ni, da Hausarta rabi da hannu rabi, ta nuna mini yadda kike yi. Ɓawon kankana kike kifewa a gindinta da yamma, da safe ki ɗaga, duk sun taru a ƙarƙashi, ki tsince su ɗaya-ɗaya ki wurga bayan katanga. Ke? Ke da ba kya iya taɓa tana? Me kuma ban sani ba game da ke? 'Yar fari ce ke, ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa yabonki a gaban mutane ba. In kin bugo waya sai in ce a ba ni takwarata. Ba don ba na son jin muryarki ba ne. Ina jin ta ta bayan ta Walida, kina faɗa mata abin da za ta ce, ita nake saurare. Kin gane haka kuwa? Ko kin tafi kina zaton tsohuwar nan dutse ce?

Na shiga tsinta ina wurgawa. Ba su ragu ba. Kullum sai in ga kamar na san fuskokinsu. Na ɗauko jan farcenki a gaban madubi na ɗiga wa wani ƙato a baya, na jefa shi da ƙarfina. Washegari ga shi a kan ɓawon kankana da jan ɗigonsa. Na yi a'uziyya, na karanta abin da na iya. Na ce ko tsufa ne ya fara taɓa ni? Ko masu gidan ne na ɓoye ba sa son a kore musu dabbobi? Har na yi tunanin ko ke ce kike tsokanata, na nemi gafarar Allah.

Sai na daina jifa. Gwangwanin madara muka samu mai murfi, muna tarawa. Ran Juma'a na ce da maigidanki ina son ganin kwarin nan na wajen Dir'iyya kafin in mutu. Ya kai mu. Walida ta juye su a gindin wata bishiya tana yi musu yalla yalla, wai maza su tafi, uban ya tsaya yana kallo, sai kawai ya fashe da dariya. Ta harare shi, amma a hanyar dawowa gaba ta zauna.

Yanzu akwai sabon toho biyu da ba a ciza ba. Tayil ɗin yana nan inda yake, bai kira mai aiki ba, bai kuma ce ya fasa ba. Ko za ta yi furen nan kafin takardata ta ƙare, ban sani ba. Walida dai ta cinye tuwonta jiya, har ta ce miyar ba ta kai taki ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa kin huta. Sai mun zo.

Taki, tsohuwar da ke gadin ƙaya,
Inna.

Af, kacici-kacicin. Batul ce, maƙwabciyarki 'yar Sudan. Bayan katangar ba kango ba ne, lambun na'ana'arta ne. Shekaranjiya ta jefo ɗaya ya sauka a kan kallabina, na je gidanta da shi a hannu, Walida tana yi mana tafinta. Ta ce tun zuwanki ke da ita kuke jifan juna da su kuna dariya, ta bari ranar da aka fita da ke. Da ta ga sun sake faɗowa sai ta zauna ta yi kuka, sannan ta rama. Yanzu nata ma a gwangwaninmu take zubawa.