Ba Bappa Buba Ne Ya Kashe Kifin Gurbi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah Ya kai haske makwancinki, ina rubuto miki ne daga unguwar Barade, daga ɗakin da ba ki taɓa shiga ba, domin kin riga mu gidan gaskiya wata bakwai kafin a kawo ni. Na san ba za ki karanta ba. Masu bibiyata a shafi ne za su karanta, kuma da gangan na bar su su leƙa.

Yau kwana tara ke nan da Talatar da ta juya mini rayuwa.

Maigidana yana noman rani a bakin kogin Lamurde, tumatir da alayyafo da ɗan kuɓewa. Gonar aro ce, ta gidan Sarkin Ruwa. A ƙasanta akwai wani gurbi mai zurfi, inda ruwa ke tsayawa idan kogi ya janye ya bar yashi. Nan kifi ke taruwa ya jira damina. Ko ƙugiya ba a jefawa a ciki sai Sarkin Ruwa ya sa rana, kuma ko a ranar, masu ƙwai ana mayar da su. Da za a ba shi gonar an gindaya masa sharaɗi: ya bar ciyawa da itatuwan gaɓa yadda ya same su, kada kuma ɗigon maganin feshi ya taɓa ruwan. Ya riƙe amana, Inna. Har rami ya haƙa can sama kusa da hanya, inda yake zubar da ruwan wankin famfon feshi.

Ran Talatar na kai masa abincin rana. Bai gama feshin maganin ƙwari ba aka kira shi, wai an kai ƙanwarsa asibiti za ta haihu. Yana tada babur yana ce mini, “Ki juye sauran a rami, ki ɗauraye famfon da ruwan jarka.” Na ce to. Ban ɗago kai ba. Ina ƙarƙashin ɗinya ina karanta littafi a waya, na kai inda yarinyar littafin ke tsaye a tasha tana jiran wanda ya yi mata alkawari.

Ramin da nisa, rana ta take, ruwan jarka ya kusa ƙarewa. Gurbi kuwa ga shi nan, taku ashirin. Na gangara na juye abin da ya rage, kusan rabin famfo, na tsoma shi sau uku na girgiza. Hannuna na hagu yana riƙe da waya, ina karatu. Ko ruwan ban kalla ba.

Washegari da hantsi muka tarar da mutane cike da gaɓa. Karfasa sun taso ciki sama, fari fat, sun rufe ruwan. Tarwaɗa na fitowa bakin yashi suna buɗe baki. Mata sun zo da kwanuka, Sarkin Ruwa ya hana, ya ce ko kare kada a ba. Aka haƙa rami aka binne su. Wani tsoho ya tsaga cikin wata tarwaɗa ya ɗaga ta sama don kowa ya ga ƙwan da ke ciki. Ni ina tsaye a baya cikin hijabi.

Ke kika faɗo mini a rai. Na tuna garinmu Mutum Biyu, da hayaƙin bandar kifinki da ke kama mana tufafi har yaran makaranta na tsokana ta. Na tuna yadda kike kora mu da bokiti idan muka je wanki, kina cewa, “Ku hau sama da kumfarku, a nan abincinmu yake kwana.” Na tuna ranar da tuwo ya kama ina ɗaki da littafi, kika ƙwace shi kika ce, “Rahina, karatun nan wata rana zai sa ki ƙona gida.” Dariya na yi a lokacin.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye shi na yi ta istigfari. Amma an sami wanda aka ɗora wa.

Bappa Buba ne, wani dattijo makiyayi da rugarsa ke gindin dutse. Shekara da shekaru shanunsa na shan ruwa a mashayar da aka ware masa, ƙasa da gurbin, ba su taɓa taka gonar kowa ba. Ran Talatar an gan shi yana dawowa daga kasuwa da kwalbar maganin kaska. Shi ke nan. Ya rantse cewa a ruga yake wanke dabbobinsa, nesa da ruwa, ba wanda ya saurare shi. Samari suka sare ƙaya suka toshe burtali. Yanzu shanunsa sai sun yi tafiya mai nisa kafin su sha, kuma an ce 'ya'yansa ba sa fita sai da sanda. Masunta ma sun daina gaisawa da su. Kin san ƙasar nan tamu, Inna. Kin san irin ƙaramar maganar da ke zama abin da ake gudu da yara a baya.

Matarsa, Goggo Adama, ita ke kawo mini kindirmo duk Juma'a. Ta zo Juma'ar da ta wuce ma, idanunta jajur. Ta auna mini, ta ƙara gyara kamar kullum, ta ce, “Amarya, ki sa mu a addu'a.” Kindirmon ya kwana uku a kwano, na kasa kai shi baki.

Ranar da ta zo na faɗa wa maigidana gaskiya. Ya tambaye ni ko na gaya wa wani. Ya ce idan maganar ta fita gonar ta tafi, ga tumatir ya fara ja, ba shi da wata ƙasa a ko'ina. Ya ce su Bappa makiyaya ne, duk inda suka je za su sami ruwa. Wannan ta ƙarshen bai iya kallon idona ba da ya faɗe ta. Ba mugu ba ne, Inna. Bai zage ni ba, bai ce mini komai a kan wayar ba. Tsoro ne, irin wanda nake ji.

A littattafan da nake karantawa, idan aka kai nan, wani ne ke ɓullowa a babin ƙarshe. Ko wata tsohuwa da ta ga komai, ko wata takarda da aka tsinta, gaskiya ta fito yarinyar ba ta buɗe baki ba, kowa ya yafe mata. Wallahi haka na zauna ina jira. Kwana tara ina sauraren ƙofa. Babu wanda ya gan ni ran Talatar, babu mai zuwa. Tun ranar ban sake buɗe littafi ba, ban ma san ko wancan mutumin ya iso tashar ba.

Gobe Jauro, mai unguwar can, zai zauna da ɓangarorin biyu. An ce an riga an gama magana, za a ce wa Bappa Buba ya tashi da rugarsa kafin Juma'a ta gaba. An ce 'ya'yansa sun ce ba inda za su.

Ina tsoro. Ina tsoron zauren cike da maza, da bakin dangin miji, da sunan da za a laƙaba mini a unguwa har in tsufa. Na fi tsoron fuskar maigidana idan aka ce ya kwashe kayansa daga gonar da ya yi wa wahala. Ɗazu da la'asar na nemi izininsa. Ya ce, “Ban aike ki ba, ban kuma hana ki ba.” Daga nan ya tura babur wajen mai faci, ya ce tayar baya ba za ta ɗauki mutum biyu ba. Ban san me zan fahimta ba, ban kuma tambaya ba.

Abin da ya sa na bar mutane su karanta ke nan. Na san kaina. Idan na ajiye maganar a zuciya, gobe zan wayi gari da ciwon kai in ce sai jibi.

Innata, da kina nan da kin yi mini faɗa har maƙwabta su ji, sannan ki ɗaura mini ɗankwali da hannunki ki raka ni. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya shayar da ke daga ruwan Alkausara. Allah Ya mayar wa gurbin nan da kifinsa idan damina ta sauka, Ya kwantar da zukatan mutane, Ya yafe mini abin da hannuna ya yi.

Gobe da hantsi zan je zauren Jauro, in faɗa musu ni ce na wanke famfon a gurbi.

'Yarki,
Rahina